Ranar da Inna Ta Sha Rigakafin Kajina

Ko daga barci aka tashe ni, ba ni mantawa da ranar da na yi wa uwar mijina rigakafin murar kaji.

Ina amarya a garin Isa na fara kiwon kajin gidan gona, fararen nan masu saurin girma da saurin mutuwa. Mura ta shige su, yau minshari, gobe sai kwasa. Ni kuwa burina dangin miji su ce an kawo musu mace mai hankali.

Likitan dabbobi ya ce in hana su ruwa da safe su ji ƙishi, sannan in kaɗa maganin cikin ruwan sanyi da garin madara, kada rana ta taɓa shi. Ni sarauniyar iyayi, sai na haɗa a sabuwar ƙwaryata, har da ƙanƙara, na rufe da faifai a inuwa. (Robar kajin tana nan fa, ban dai ga ta dace da ni ba.)

Ina juyowa sai ga sallamar Inna, uwar mijina, daga ƙauyen Turba, ta kwaso rana. Na durƙusa ina gaisuwa, kaina a ƙasa. Kafin in ɗago ta jawo ƙwarya.

"Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Kamar kin san ina tahe."

Wayyo ni! Matar da ko ido ba na iya haɗawa da ita, ta yaya zan ce ta ajiye? Tana kwankwaɗa, kajina suna ihun ƙishi a bayan ɗaki.

Ta sauke ta goge baki. "Wanga nono ya sha ruwa, amma akwai sanyi. Kai ma Malam saura, yana zaure."

Har da surukina! Nan na rungume ƙwarya na fashe da kuka. "Inna, maganin kaji ne!"

Nan take na kira likita, na ɗauka na kashe uwar miji. Sai da ya gama dariyarsa ya ce babu abin da zai same ta, sai dai in sake sayo wa kaji wani.

Kajin sun rayu, sunana ne bai rayu ba. Har yau ko a gidan biki na yi atishawa, sai Inna ta ɗaga murya: "Ke ba ki sha naki ba? Ni tun rannan ban sake mura ba."

Yanzu abin kaji a robar kaji nake haɗawa. Kunyar suruka kuwa ina nan da ita, amma ko wa ya miƙa hannu ga ƙwaryata, ihu nake fara yi, gaisuwa ta biyo baya.