Allon Layinmu Ya Tafi Aiki

Jama'ata na Kafanchan da kewaye, da ku 'yan Abuja masu cewa kun yi kewar gida amma ba kwa turo ko katin waya, barkanku da war haka. Ku gyara zama. Yau na ɗauko muku labari daga layinmu, ko hucewa bai yi ba.

Kun san Emilia, Maman Peculiar, mai faten acca a ƙarshen layinmu. Wanda bai san ta ba, wayarsa ta san ta. Shagon nata a lungu yake, ba a hango shi daga titi. Taswirar nan ta waya, mai muryar matar da ke cewa ka juya hagu ko da rami ne a hagun, ita ke kawo mata masu ci: direbobi, 'yan bautar ƙasa, masu zuwa sarin citta. Uwa uba Disamba, lokacin da kuke dawowa Kirsimeti da manyan motoci kuna neman abincin gida. Cinikin watan nan shi ke riƙe ta har damina.

To ana shirin shiga Disamba sai ta wayi gari babu ita. Shago na nan, tukunya na tafasa, amma a taswira fili ne fetal. Laifinta ɗaya. Bishiyar mangwaron da ake kwatancen shagon da ita ta faɗi, ita kuma don kada baƙi su ɓata ta shiga ta gyara adireshi, ta rubuta "inda mangwaro yake a da". Masu taswira suka ga abin bai yi musu kama da gaskiya ba.

Ta kai wayar wurin Nuru mai gyaran waya a bakin layi.

"Nuru, duba mini wannan abu. Sun ce sun dakatar da ni. Ni ma'aikacin gwamnati ne?"

"Maman Peculiar, ba ke suka kora ba. Shagon ne ba su yarda akwai shi ba."

"To su zo su ci mana."

"Ba sa zuwa. Ba su da ƙafa."

Ya yi mata bayani. Bidiyo suke so, ɗan gajere, kuma ba a yanka shi. Ta fara daga allon da ke ɗauke da sunan layi, ta taka har ƙofar shago, ta buɗe kwaɗo da hannunta, ta nuna tukunya. Shi ke nan a mayar da ita.

Su biyun suka juya suka kalli bakin layi. Allon da ke wurin na mai maganin basir ne.

Washegari ta ɗaura zanenta na zumuntar matan coci, ta nufi wani ofishi da ba zan faɗi sunansa ba don ina son rayuwata. Ta samu babban jami'i, Ranka-ya-daɗe Oga Sai-Gobe, yana ɓare gyaɗa a kan fayil.

"Madam, layinku yana da allo," in ji shi. Ya nuna mata hoto a bango. Ga bakin layinmu, ga allo sabo fil, ga Mai Girma Uban Almakashi yana yanka ƙyalle yana murmushi.

"Oga, na ga hoto. Ina allon?"

"Ya tafi aiki."

"Allo ne ya tafi aiki?"

"Yana ƙauye, ana buɗe wani layi. Ke kaɗai ce mai layi a ƙasar nan?"

Jama'a, a nan dole mu yaba. Ku da kuke cewa manyanmu ba su iya tattali ba, ku ji kunya. Ashe allo ɗaya ne tal, da gwangwanin fenti. A kafa shi da safe, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, a tuge shi kafin la'asar, a shafe suna a rubuta wani. Allon nan ya fi ni sanin Kudancin Kaduna. Kuma ko ranar da muke kwana a layin gidan mai, shi motar da ke ɗaukarsa ba ta rasa mai.

Oga Sai-Gobe ya ce ta yi sa'a, ranar Alhamis Mai Girma zai sake buɗe layinmu, don buɗewar bara ba ta fito da kyau a hoto ba. Wato dama ɗaya ke gare ta, daga yanka ƙyalle zuwa tuge allo.

Nuru ya ce a yi gwaji tukuna. A nan matsala ta biyu ta fito. Kun dai san layinmu. Ta danna waya, ta yi taku kaɗan, ga Hajiya A'i mai waina. Ina kwana, ina gajiya, yaya yara, yaya mai jiki, ya ƙafar Alhaji. Gaba kaɗan ga matar fasto. Gaba kuma ga wata da aka yi wa rasuwa tun Ista ba a gama yi mata ta'aziyya ba. Kafin ta kai injin markaɗe lokacin bidiyo ya ƙare.

Nuru ya kalla ya ce, "Maman Peculiar, wannan ai kamfen ne. Takara za ki tsaya?"

"To in wuce mutane kamar akuya?"

"Akuya ma takan tsaya. Kamar soja za ki wuce."

Sai ta bi gida gida tana ba da haƙuri tun kafin ta yi laifi. Ranar Alhamis in na wuce ban gaishe ku ba, ba girman kai ba ne, aiki ne. Ta sanar a zumuntar mata. Hajiya A'i ta ce ita ma za ta gaya wa na ɓangarenta, kuma ranar za ta cika bakinta da waina don kada ta manta ta yi magana. Kowa ya ji, kowa ya yarda.

Mutum ɗaya ne bai ji ba. Baba Bartholomew, uban mijinta, yana ƙauye wajen gonar cittarsa. Shi abin da ya ji, wai Mai Girma zai raba takin zamani a wajen taron. Takin da aka yi alkawari tun ana shuka, yanzu ana haƙa. Ya hau acaɓa da buhunsa babu komai a ciki, ya iso ana tsakiyar jawabi, aka ba shi kujera a tsakiyar layi saboda girmansa.

Allo ya tsaya a cikin bokitin yashi, fenti na ɗiga, an raɗa wa layinmu sunan kakar Mai Girma. Almakashi ya yi ƙas. Ana tafi, ma'aikata biyu har sun kama ƙarfen allon, mota na kunne. Emilia ta danna waya, ta ɗauki allo a bidiyo, ta juya, ta kama hanya. Ta wuce Hajiya A'i mai kumatu cike. Ta wuce matar fasto da ta rufe ido kamar mai addu'a. Zuciyarta ta fara cewa an gama.

"Amarya."

Tun da aka kawo ta gidan haka Baba yake kiranta, ga Peculiar har ta kusa gama sakandare. Kuma tun ranar ba ta taɓa wuce shi a tsaye ba. Gwiwoyinta suka fara lanƙwashewa da kansu. A bayanta ta ji ƙarar ƙarfe, an jefa allo a bayan mota.

"Amarya, ni ne fa."

Ta miƙe gwiwa. Ta kafa ido a waya, ta wuce ta gefen kujerarsa har zanenta ya taɓa buhun. Ta buɗe kwaɗo, ta nuna tukunya, ta kashe waya, ta dawo da gudu. Kujera ce kawai a wurin. Taki ma ba a raba ba, an ce yana hanya.

Cikin mako shago ya dawo taswira. Motoci suka fara shigowa lungu, fate na ƙarewa kafin azahar. Amma kwanon da ta aika wa Baba ya dawo ko buɗewa ba a yi ba. Mijinta Asher ya je da bayani, Baba ya ce shi bai ga wata Amarya ranar ba, wata 'yar jarida ya gani. Ta je da kanta ta durƙusa, ya ce ta gaida waya, ita za ta sa mata albarka.

Ranar Lahadi bayan sujada a coci dangi suka zauna. Dattawa suka roƙa, fasto ya sa baki, Hajiya A'i ma ta aiko da shaida da waina. Baba ya ce ya ji, shi ba mai riƙo ba ne. Sharaɗinsa ɗaya. A gaban jama'a aka wuce shi, a gaban jama'a za a gyara. A mayar masa da kujera inda take, ta sake tafiyar nan daga farko, ta gaida kowa yadda aka saba, ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ko yanzu ma," in ji Emilia.

"A'a. Daga wurin allo kika fara. Daga wurin allo za ki fara."

Jiya na gan ta da zanen zumunta ta fito daga ofishin nan. Oga Sai-Gobe ya ce allo ya samu ƙarin girma, yanzu asibitoci yake buɗewa, sai dai ta leƙo bayan sabuwar shekara.

To jama'a, ku faɗa mini tsakani da Allah, ban da cika baki. Waya na hannunku, mota na shirin tashi da allo, ga tsoho a kujera ya kira sunanku har sau biyu. Durƙusawa za ku yi, ko wucewa?