Sanata Yana Cin Kabejina

Zuwa ga Mai Girma, Mai Daraja, Babban Manajan Kamfanin Manyan Ƙahoni, masu gyara wa barewa daji, wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba sai tambarinsa a jikin mota,

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata, har da karen kamfani. Ni ce Ozella Crumpton, matar marigayi Buford, mai eka ɗari biyu da goman nan da kuka zana wa taswira. Shekarata tamanin da bakwai. Ban yi makaranta ba, ina shekara shida aka rataya min buhun tsinkar auduga. Saboda haka ni ke faɗa, 'yar ƙanwata Wynelle ke rubutawa. Shekara talatin ta yi a gidan waya, hannunta da kyau. In ka ga magana ta yi kaifi, tawa ce. In ka ga ta yi laushi, Wynelle ce ta ci amanata.

Na sa a buga wannan a jaridar garinmu ba don in kunyata ka ba, Allah ya kiyaye. Sau uku ina kiran ofishinku, wata mata tana ta ce min in danna ɗaya. Wayata ba ta da abin dannawa, juya ta ake yi.

Ga abin da ya kawo ni. Ɗana Dewey ya ce ranar Juma'ar nan, jajibirin buɗe farauta, za a garƙame wa ƙofar lambuna kwaɗo bisa shawararku, in sanyi ya wuce kuma tarakta ta bi ta kan lambun a shuka wa barewa ciyawa. Dalili? Wai warina ne ya kori Sanata. Kowa a nan ya san Sanata, amma kai kana birni. Namijin barewa ne, ƙahonsa reshe goma sha biyu. Dewey ne ya raɗa masa sunan, don sau ɗaya ake ganinsa a shekara, shi ma a hoto. To yanzu shekara biyu ko hoton babu, kuma wai ni ce.

Ka yi haƙuri da tsohuwa, bari in jero kukana.

Na ɗaya. Ina jinjina wa masaninku, Mista Tanner Whitlock, mai digiri biyu a kan barewa. Digiri biyu! Ni da nake yarinya babu barewa ko ɗaya a ƙasar nan, yunwa ta sa an cinye su. Ranar da kawuna ya ga sawun wata a bakin rafi, bahon wanki ya kifa a kai kada ruwa ya share, aka taso daga coci ranar Lahadi ana layi ana leƙawa. Fasto ma ya leƙa sau biyu. Daga baya suka dawo da kansu, ba wanda ya aika musu takardar gayyata. Sai ga Mista Tanner shekara biyar da suka wuce, ya tsaya a tsakar gidana ya ce dajinmu ba shi da tsari. Dewey ya kawo min takarda na yi mata gicciyena a madadin sa hannu, ya ce gyara ne kawai. Aka sare bishiyoyi rabi-rabi aka kwantar da su, wai ɗakin kwanan barewa. Aka share fili aka shuka, wai wurin cin abinci. Aka haƙa tafki, aka ajiye gishirin lasa. Ni 'ya'ya biyar na raina a ɗaki ɗaya mai yoyo. Ranka ya daɗe, akwai sauran gurbi? In na ɗaura ƙaho na yi rarrafe, za ku ɗauke ni?

Na biyu. Me kuka yi wa ɗana? Mutum ne mai shekara sittin da ɗaya, yana da ofis a Montgomery, jikokinsa uku. Yanzu ba ya wanka sai da sabulun da ba ya ƙamshin komai, tufafinsa kuma a leda yake ƙulle su da ganyen daji. Rannan na buɗe firij zan yi kek ɗin coci, sai na ga wata 'yar kwalba kusa da kayan ƙamshina. Har na buɗe murfin. Ya shigo a guje.

"Mama, ajiye! Fitsari ne!"

Na ce, "Na wa?"

"Na macen barewa. A takalmi ake fesawa."

"Kai ka tara mata kwalbar?"

"Saya na yi, Mama."

Na ce, "Dewey, je ka zauna, kaina yana juyawa."

Ina tambaya da ladabi, don ilimi: a kamfaninku wa ke riƙe kwalbar? Shi ma digiri biyu gare shi? Ubansa Buford bokiti yake kifawa a gindin bishiya ya zauna, yana warin man tarakta da taba da albasar jiya. Kafin in sauke tukunyar karin kumallo na ji harbi ɗaya, na san in wasa wuƙa.

Na uku. Kyamara ashirin da uku kuka ɗaure wa bishiyoyina. Na ga abin da suka ɗauko: kurege, talotalon daji, aladen daji yana susa, da Fasto wata rana da bai san ana kallonsa ba. (Wynelle ta ce in cire wannan. Rubuta, yarinya, ai ban faɗi abin da yake yi ba.) Sauran hotunan duk nawa ne. In na sunkuya zan tsinci itace sai wayar Dewey ta yi ƙara can birni, kafin in dawo gida tawa tana kuka. "Mama, me kika je yi Shiyya ta Huɗu?" Shiyya ta Huɗu! Na ce, "Wurin nan da ka faɗa cikin ƙaya ba wando, na kwana biyu ina cire maka? Shi ne ya zama Shiyya ta Huɗu?"

Na huɗu, wannan gajere ne don ciki ne ke magana. Shekara biyar ba a harbi komai a gonar nan ba. Kowace barewa ta gifta sai a ce a bar ta ta girma. Ni kuma fa? Ni na gama girma, Ranka ya daɗe. Ba don maƙwabcina Hoyt Purvis ba da na manta ɗanɗanon nama. Ka riƙe sunan nan, za mu dawo kansa. Shekararsa tamanin da huɗu, matarsa ta rasu, kuma duk abin da ya tsallaka shingensa da ƙafa huɗu ya zama miya. In Mista Tanner ya ji an ce Hoyt sai ya dafe ƙirji. Hoyt kuwa cewa yake, "Ozella, gaya wa yaran nan, ko kwana uku suka dafa ƙaho ba zai nuna ba." Shekara tara yana roƙon in bar shi ya sha gahawa a barandata. Shekara tara ina ce masa murhu ya lalace.

Na biyar. Gyara zama.

Watan jiya Dewey da Mista Tanner suka zo kicin ɗina. Mista Tanner ya cire hularsa ya rataya a maratayin da ke bayan ƙofa, yaro mai tarbiyya. Ya ci kek ɗin dankalina yanka biyu, ya shimfiɗa taswira a teburina, ya nuna min jan layin da ya haɗiye lambuna. Ya ce lambun yana bakin kurmin da suka keɓe, inda ba a son ƙafar mutum. Ya ce iska tana kwasar warina ta kai kurmin: garin tabar da nake sawa a baki, da sabulun wankina, da man suya. Ya ce har waƙoƙin cocin da nake yi ina cire ciyawa suna firgita manyan barewa. Babban namiji irin Sanata, in ji shi, ba zai taɓa matsowa inda nake ba, shi ya sa ma ba su ɓata kyamara ko ɗaya a wajen lambun ba.

Na buɗe baki. Dewey ya ce, "Mama, bari masani ya gama." Na bari. Bai gama ba har suka tashi.

To tunda jarida ba ta katse mutum, bari in gama tawa.

Ranka ya daɗe, maratayin nan da masaninku ya rataya hularsa, ƙahon Sanata ne. Na bara. Wanda nake rataya tawul na bara waccan ne. Akwai wanda ke tokare min taga, akwai biyu a kaskon furanni. Ka san suna zubar da ƙaho duk ƙarshen sanyi, ai kun karanta. To shi wajen tsallake shingen lambuna yake zubar da nasa, in ya dira sai su faɗo. Ƙahonninsa tagwaye huɗu gare ni da guda ɗaya tilo. Duk watan Maris kuna kawo karen kamfani ya yi kwana uku yana shinshina eka ɗari biyu yana neman su, ni kuma ina ba karen ruwa a gindin tagar da ƙahon ke tokare. Dewey yana ganinsu duk zuwansa, ya ɗauka na ubansa ne. Bai tambaya ba.

Sanata bai je ko'ina ba. Yana nan ƙalau, ya yi ƙiba har wuyansa ya ninke. Ya gudo ne daga ɗakunan da kuka gina masa, don duk Asabar sai wani ya shiga da babur mai ƙafa huɗu zai duba kyamara. Yanzu cikin ƙayar da ke bayan bishiyar kanyata yake kwana. Ƙarfe bakwai na safe yake fitowa ya shiga kabejina, ya fara daga layin gabas. Ina waƙa yana tauna. In na yi masa tsawa sai ya ɗago ya dube ni kamar ni ce baƙuwar. Da na tofar da taba har zuwa yake ya shinshina. Wannan shi ne dabbar da warina ya kora.

Ba abokina ba ne, kada ka ɗauka. Ɓarawo ne. Amma mun san juna.

Abu ɗaya taswirarku ba ta nuna ba, don daga sama kuka ɗauki hoton, ganyen kanyar ya rufe shi. Buford yana kwance a gindinta, a ƙarshen lambun, inda ya ce a sa shi. Shekara goma sha ɗaya ke nan kullum da safe sai na je na gaya masa wanda ya mutu da wanda ya yi aure da yadda gwiwata ta kwana. Akwai fili a gefensa, nawa ne. Ƙofar da za ku sa wa kwaɗo ita kaɗai ce hanya. Ni ba na iya tsallake shinge, ba ni da ƙafafun Sanata.

Saboda haka ga ɗan roƙona, cikin ƙasƙantar da kai. Kafin faɗuwar rana ranar Juma'a, a goge jan layin nan daga lambuna, a mayar da kwaɗon kanti, kuma a sa min macen barewa guda mai ƙiba a firij, wadda ba ta da suna. In an yi haka, Dewey ya zo ya zauna a barandata ranar Asabar. In ya iya awa ɗaya cur kusa da uwarsa bai duba waya ba, bai ce min in yi shiru ba, to tsakaninsa da Sanata, ban hana ba.

In kuwa na ga kwaɗo, ba zan yi faɗa ba, ni wa? Wynelle ta karanta min takardar da na yi wa gicciye har sau uku. An ce daji naku ne ku gyara. Babu inda aka ce ƙasar ta daina zama tawa, babu inda aka ce ba zan yi baƙo ba. Sai kawai murhuna ya gyaru. Hoyt Purvis zai sha gahawa a barandata ranar Asabar, ƙarfe shida da rabi na safe, kuma ka san ko coci ba ya zuwa sai da bindiga a mota. Daga kujerar barandar zuwa layin gabas taku saba'in ne, na ƙirga da sandata. An yi masa aikin ido bara, duka biyun. Shekara biyar ɗinku, da kyamarorinku, da tafki, da fitsarin kwalba, duk za su ƙare a tukunyar Hoyt, ƙahon kuma ya jefa wa karnukansa, don haka yake yi.

Kada ka ce ai Hoyt zai karanta wannan ya riga ku. Ba ya shiga gonata sai na kira, kuma a jarida shafin mutuwa kaɗai yake dubawa. Sai dai Wynelle ta ce jiya ta hango shi wajen mai aski. Ni ma, kada in ɓoye maka, na sa an gyara min gashi.

Ka gai da Mista Tanner da kyau. Ka ce masa ya manta hularsa, tana nan inda ya rataye ta, ban taɓa ba. Ya zo ya ɗauka da kansa. In ya zo ya tsaya ya ƙirga rassan, ni ban yi makaranta ba, ƙila na yi kuskure.

Taka mai biyayya har ƙasa, gwargwadon yadda gwiwa ta bari,

X
Ozella Crumpton, gicciyenta ke nan
Gonar Crumpton, Alabama