Ranar da Na Yi Wa Tafiyar Alhaji Sharhi

A tarihin duniya kaf, al'ummomi biyu ne suka ƙware wajen tura mutum ƙasar da babu ita don ya dawo ya zagi maƙwabtansa: Turawan Ingila da mutanen Sin. Wannan gagarumin bincike nawa ne, a ɗakin gwauro na yi shi a Kawo, kuma ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara gwada shi a kan ɗan Adam ba.

Lokacin ba a daɗe da canja kuɗi daga fam zuwa naira ba. Ina koyar da Turanci a wata sakandare, ina da keke, ina da tabarau (idona ƙalau yake, amma ɗalibai sun fi jin tsoron mai tabarau). Wata Baturiya da muke koyarwa tare ta ara min littattafai biyu, ɗaya na mutanenta, ɗaya na Sin wanda aka juya zuwa Turanci. Duka labaran tafiya ne na ƙarya. Mutum zai je wata ƙasa, ya ga mutane masu ɗabi'a bambaraƙwai, kana karantawa kana yi musu dariya, can sai ka farga ashe da kai ake.

Amma salon ya bambanta. Bature shi kaɗai yake tafiya, ba ɗan rakiya, ba sallama. Yana awon komai fuska a murtuke, ya zagi sarki, ya zagi alƙali, in ya dawo har iyalinsa sai ya ji ba ya son ganinsu. Shi kuwa mutumin Sin da jama'arsa yake tafe, ana gaisawa ana shan shayi, kuma ba ya zagin kowa. Baƙi kawai zai yi ta yabo, ya ce kai, mutanen can akwai gaskiya, akwai ladabi. Bature marinka yake yi a kasuwa. Mutumin Sin sai ya rusuna ya gaishe ka, sai ka isa gida ka ji kuncinka na zafi. Na so wannan jimla ƙwarai. Na faɗa wa ɗalibaina, na faɗa wa mai shayi, na faɗa wa madubi.

A wannan lokacin ne nake neman auren Rabi, 'yar Alhaji Mudi mai yadi a Unguwar Shanu. Magana ta yi nisa, saura Alhaji ya ce to. Sai aka ce ya yi tafiya Hankon, can ƙasar Sin, sarin kaya. Da ya dawo, Kawuna Isa, wanda shi ke shige min gaba, ya ce mu je barka da sauka.

Tun a hanya yake karanta min doka. "Ka zauna bakin ƙofa. Ka sunkuyar da kai. In an kawo abinci ba ka ci. In an tambaye ka, ka ce haka ne, Baba. Ka ji ko?"

"Kawu, ni fa malami ne."

"Shi ne abin da nake tsoro."

Mun tarar zauren ya cika da abokan Alhaji. Ga Tanko mahauci, ga Malam Iro tela, da sauran dattawan unguwa. Alhaji na kishingiɗe a kan kilishi, ya ɗan rame, yana ba da labari a hankali.

"Mahaucin can," in ji shi, "sai ya zare ƙashi tsaf kafin ya ɗora nama a sikeli. Har haƙuri yake ba ka wai ya sa ka jira."

"Allahu Akbar!" in ji Tanko, yana kaɗa kai.

"Tela kuwa, in ya ce maka Alhamis, to Alhamis ɗin nan ce, ba ta bayan Sallah ba. Ƙyallen da ya rage ma sai ya ninke ya ba ka abinka."

"Ikon Allah," in ji Malam Iro. "Kafirai da wannan hali!"

Ni kuwa a bakin ƙofa sai na ƙara kasa kunne. Ga abin da na karanta a takarda yana numfashi a gabana! Sai ƙaddara ta sa wani dattijo ya waiwayo. "Kai Malam, ku da kuka yi boko, haka abin yake a littafi?"

Amsar tana hannuna, Kawu ya ba ni ita kyauta. Maimakon haka sai na ji na miƙe tsaye (har yatsuna suna laluben alli a aljihu). Na gyara tabarau. Na fara da Ingila, na bi ta teku, na sauka Sin. Na yi musu jimlar mari, ba wanda ya yi dariya. Kawu ya ja bakin rigata, na ɗauka ƙarfafa min gwiwa yake.

"Saboda haka," na ce, "abin da Baba ya yi yanzu fasaha ce babba, irin ta mutanen Sin. Ba da mahaucin Hankon yake ba, da na gida yake. Haka ma telan. A irin wannan labari, ba dole ba ne ma mai ba da shi ya taɓa zuwa ƙasar."

Ana jin akuya tana tauna wani abu a waje.

"Tsaya, yaro," in ji Tanko. "Wato ni ne mai ƙashin?"

"Ni kuma ɓarawon ƙyalle," in ji Malam Iro.

Sai a lokacin kunnena ya ji abin da bakina ya faɗa. A jimla ɗaya na zagi abokan mutum, na ƙaryata tafiyarsa, a zaurensa, ina neman 'yarsa. Na dubi Alhaji. Ya daɗe yana kallona, wani irin kallo da ban gane ba, ba na fushi ba. Sannan ya gyara kwanciya.

"Tanko, in da kai nake, sai na sayi tikitin jirgi? Kullum ba a gaban teburinka nake gaya maka ba?"

Zaure ya fashe da dariya, har Tanko. Alhaji ya ce, "Zauna, ɗana. Ƙafarka ta gaji." Na zauna a kan takalmin wani.

Da muka kusa Kawo, Kawu ya dube ni. "Na nema wa kurma aure," ya ce, "na nema wa mai tabon hankali. Ban taɓa shan wuya irin ta yau ba."

Na yi kwanaki ba na iya cin abinci. Na mayar wa Baturiya littattafanta kamar mai mayar da kayan sata. Rabi ta aiko ƙawarta ta ce min gidan gaba ɗaya, in an kawo nama mai ƙashi, sai a ce a kira Malam ya yi sharhi. Ban san ko in yi kuka ko in gode da har ana ambatona ba.

Sai ga saƙo wurin Kawu: a zo a sa rana. Alhaji ya ce yaron da cikinsa ba ya riƙe magana ba zai ɓoye wa 'yarsa komai ba. Sharaɗi ɗaya ya kafa, in yana da baƙi, in gaishe shi daga waje.

Na zauna da shi shekaru masu yawa, bai taɓa tayar da zancen ba, kuma duk cikin surukansa ni yake kira in karanta masa jarida. Na koyi darasina: in babba ya ce ya ga abu, to ya gani, littafi kuma a bar shi a makaranta. A kan wannan na tarbiyyantar da 'ya'yana.

Bayan rasuwarsa ne Rabi ta gaya min. Alhaji bai taɓa zuwa Hankon ba. Asibiti ya kwanta a Ibadan, aka yi masa aikin ƙaba.