Bakin Inna Kande

A wani daji da ya gangaro har bakin teku, can ƙasar da sanyi ke mai da ruwa dutse, akwai majalisar masu ɓawo. A ƙasan ruwa take zama, inda ƙanƙara ba ta taɓa leƙawa ba. Su kuwa kumba, dangin katantanwa masu murfi biyu, suna manne a duwatsun gaɓa. Kullum teku ya janye sai ya bar su a fili.

Ƙaguwa Jatau ɗan majalisa ne mai shegen son sani. Abin ya daɗe yana ɗaure masa kai, don haka ya hau gaɓa ya sami tsohuwar kumba, Inna Kande.

"Inna, wai yaya kuke yi ba ku mutu ba?"

"Ɗana, rufe baki muke yi gam. Mu bar ruwan jikinmu ya daskare ta gefe-gefe, tsokar ta takure a tsakiya tana jiran teku. Mu manya mun saba. Jikokina ne ba sa kai safe. A taimaka a ba su gurbi a ƙasan ruwa."

Tausayi ya kama Jatau, ya kai maganar majalisa. Shugaba, wani tsohon jatan lande, ya shafa gashin baki.

"Mun ji, kuma abin ya taɓa mu ƙwarai. Sai dai majalisa ba ta aiki da jita-jita. Mai koke ya faɗa da bakinsa, a daidai lokacin da abin ke damunsa, a gaban wakili."

Aka tura Jatau ranar da sanyi ya fi tsanani. Ya bi dutse yana ƙwanƙwasawa, ƙafafunsa na sandarewa, kowa shiru. Har ya juya, sai ya ji murfin Inna Kande ya motsa.

"Inna, kar ki buɗe."

"Ranka ya daɗe, jikokina..."

Iskar sanyi ta shiga, ta daskarar da ita nan take. Iyakar abin da Inna Kande ta samu faɗa ke nan.

Jatau ya koma ya ba da rahoto. Shugaba ya yaba da haƙurin waɗanda suka yi shiru, ya ce alamar gamsuwa ce. Game da Kande kuwa, ya tambaya ko ta rufe bakinta. Jatau ya ce a'a, yana nan a buɗe.

"To, ba tarbiyyarmu ba ce mu katse babba."

Har yau majalisa tana jira ta gama magana.