Akwati Biyu, Fenti Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da tafiyar da muka yi kai lefe Bawku ba, kuma ko na so in manta, matar yayana ba za ta bari ba. Ni mai walda ne a Salaga. Ƙofofi nake yi, da tagogi, da gadajen ƙarfe, kuma ba yabon kai ba, hannuna yana da kyau. Matsalata ɗaya ce, in na ƙera abu ya yi kyau, kunnena sai ya toshe.

Wani aikin ƙofa ne ya kai ni Yendi, gidan wani dattijo da ake kira Mba Ziblim. Yana da doki guda, yana kuma da wani tsohon sirdi da ya gada wurin mahaifinsa, rataye a ɗaki an lulluɓe shi da buhu. Ɓera ya riga ya fara ɗanɗana gefen fatar, damina kuma tana sa masa fumfuna. Nan take na ce zan ƙera masa akwatin da zai raba shi da wannan damuwa. Ya daɗe yana kallona kafin ya yarda in tafi da sirdin Salaga don in auna, haɗe da linzami da likkafa da wata bulalar fata da ba a raba su da ita. Da zan hau mota ya riƙe hannuna ya ce amana ce ya ba ni.

Akwatin kuwa ya fito. Na yi shi da farantin ƙarfe, a ciki na kafa katako mai doro kamar bayan doki inda sirdin zai zauna ba tare da ya lanƙwashe ba, na huda ƙananan ramuka a gefe don iska, na toshe su da raga saboda ƙwari. A ƙasa na sa tayoyi, a sama mariƙi. Da na ja shi a ƙofar shago na ji yana tafiya sumul, sai na ga ai arziki ya zo, duk mai doki daga nan har Burkina sai ya nemi irinsa. Saboda haka na ƙera na biyu tun kafin kowa ya tambaya, na shafe su duka da shuɗin fenti, don gwangwani ɗaya nake da shi. (Kwaɗon ma iri ɗaya na saya a kasuwa, irin mai arahar nan da makulli ɗaya ke buɗe duk 'yan'uwansa.)

Ana cikin haka maganar auren yayana Salifu ta taso. Ya daɗe yana neman wata yarinya a Bawku, Rahinatu, mai sana'ar albasa. Gwaggonta Hajiya Memuna, wadda ta rene ta, ba ta so a kai ta nesa, kuma tana da dalili. Yayar Rahinatu an taɓa aurar da ita wani gari mai nisa, ta dawo gida da shatar duka a bayanta. Sai da manya suka yi ta kai da kawowa kafin Hajiya ta ce to, a kawo lefe ta gani. Kowa a gidanmu ya san cewa wannan "to" ɗin da bakin zare take rataye, abu kaɗan zai tsinke ta.

Gwaggona Adisa ce shugabar masu kai lefe. Tana cikin neman babban akwati na ce mata ga nawa na biyu yana zaune, in na cire katakon ciki zai cinye kayan duka. Ban gaya mata cewa talla nake so in yi a garin masu dabbobi ba. Ta zuba atamfofi da mayafai da takalma da turaruka da abin da ban ma gani ba, ta kulle. Tun da hanyarmu ta Yendi ce, na ce sai mu ajiye wa Mba Ziblim nasa mu wuce. Da asuba, ana ɗora akwatunan a bayan bas, Gwaggo ta yage jan ƙyalle ta miƙo mini ta ce in ɗaura a na lefen. Na yi dariya. Na ce mata uwa ba ta kasa bambance tagwayenta, ni na haifi akwatunan nan. Ta mayar da ƙyallen jaka.

Hanyar Bimbilla ta wahalar da mu, taya ta fashe, aka sauke kaya aka sake lodawa. Muka iso Yendi a makare, direba yana ta faɗa, don a lokacin akwai dokar hana fita a Bawku da yamma, kuma ba wanda yake so dare ya riske shi a shingen sojoji. Mba Ziblim ya tafi gona, matarsa kawai muka tarar. Na hau bayan bas, na tsaya a gaban 'ya'yan nawa biyu, sai na ga sun zama abu ɗaya. Na ɗaga wannan, na ɗaga wancan. Na ce a raina katako da ƙarfe ai sun fi tsumma nauyi, na sauko da mai nauyin.

Gwaggo ta leƙo ta taga ta ce, "Buɗe ka duba mana, ba makulli na aljihunka ba?"

Matan bas duk sun zuba mini ido. Da na buɗe, da shi ke nan, amma wanda ya yi cika baki da asuba yaya zai buɗe da hantsi? Na ce mata ta kwantar da hankalinta. Na ja akwatin har tsakar gida, na ba matar makulli, na dawo ina kaɗa kafaɗa. (Turaren da ke fitowa ta ramukan iskan nan ma ya isa ya gaya wa mai hanci gaskiya. Na ji shi, na ce matar Mba Ziblim 'yar gayu ce.)

Mun shiga Bawku bayan la'asar, hadari ya haɗu ta gabas. Gidan su Rahinatu cike yake da mata, an shimfiɗa tabarmi, Hajiya Memuna na zaune a kan kujera a tsakiya, fuskar nan ba yabo ba fallasa. A al'ada namiji ba ya tsayawa wurin buɗe lefe, ya ajiye kaya a ƙofa ya koma waje. Ni kuwa sai da na ja akwatin har gaban Hajiya, na juya shi hagu na juya shi dama don a ga aikin taya. Wata ta ce wannan akwati na Salaga ya yi kyau paa, wato ƙwarai. Na ji daɗi har na ƙi fita, na raɓe jikin bango.

Gwaggo Adisa ta yi bismilla, ta buɗe kwaɗon, ta ɗaga murfin. Mai guɗa ta riga ta ja numfashi ta fara, sai guɗar ta mutu a maƙogwaronta. Warin tsohuwar fata da gumin doki ya cika wurin. Ga sirdi nan zaune daram a kan katakonsa, likkafa a naɗe, linzami a rataye inda na yi masa ƙugiya, bulala kuma a kwance a sama, ita ce farkon abin da ido zai gani. Wallahi aikin ya tsaru, ko motsi bai yi ba duk ramukan hanya. Wannan shi ne tunanin da ya fara zuwa mini, Allah ya yafe mini.

Hajiya Memuna ta miƙa hannu ta ɗauki bulalar. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Adisa, wanga ne lefe na ku? Linzami da bulala kun kawo ma yarinya na?"

Gwaggo ta fara rantsuwa tana cewa kuskure ne, lefen yana Yendi. A can gefe na ga wata mata ta tashi ta shige ɗaki tana share ido, daga baya aka ce mini ita ce yayar Rahinatu. A nan na gane girman abin da na yi. Ba dariya za a yi mini a wuce ba, auren yayana ne nake kallo yana rushewa, kuma da hannuna. Na fito daga jikin bango na durƙusa, na ce laifina ne, na ciro waya na kira Mba Ziblim don ya yi mini shaida. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Na sake kira, mata sama da tabarma uku suna sauraron ƙarar tare da ni, ba a ɗauka ba.

Hajiya ta ce akwatin da ya shigo gidanta da sunan lefe ba ya fita sai ta ga ƙarshen maganar. Amma kayan dokin nan ba za su kwana a gidan ba, in kwashe su yanzu. In gobe kafin la'asar ba ta ga lefe ba, mu gaya wa Salifu ya nemi mata a Salaga.

Duk wanda ya taɓa ɗaukar sirdi ya san ba ya ɗaukuwa a hannu, a kai kuma zamewa yake. Na gwada duka biyun a gaban jama'a. A ƙarshe ba yadda na iya, na sunkuya na ɗora shi a gadon bayana, na rataya linzami a wuya, na soke bulala a ƙugu. Ni da na ƙera akwati mai taya don kada sirdi ya ƙara wahalar da kowa, ni ne na fita daga gidan a duƙe, likkafa na dukan cinyoyina.

Ina taka ƙofar gida ruwa ya sauko. Na tuna hannun tsohon nan a kan nawa da kalmar amana. Fatar da ta girmi ubana, in ta jiƙe ta lalace, me zan ce masa? Na sauke, na tuɓe babbar rigar da na ɗinka musamman don wannan tafiya, na naɗe sirdin da ita, na sake ɗorawa. Haka na ratsa unguwar zango daga ni sai singileti, ruwa na zuba, masu shaguna na kulle ƙofofi saboda doka suna tsayawa su kalle ni. Yara suka biyo ni suna kwaikwayon haniniya. Wani mai shayi ya tambaye ni ko mai dokin ne ya faɗi a hanya. Ban taɓa roƙon ƙasa ta tsage da gaske ba sai ran nan.

Ina isa masauki waya ta yi ƙara. Mba Ziblim ne. Ashe ya dawo daga gona ya tara abokansa dattawa a ƙofar gida don su ga akwatin da yake ta ba su labari, ya buɗe da kansa, abin da ya fara cirowa kuwa ba zan faɗa a nan ba. Ya ce mini dokinsa dai bai saba ɗaura zane ba. Na ba shi labarin halin da ake ciki ina kusan kuka. Sai ya tambayi sirdinsa. Na ce yana cikin rigata, ko ɗigo bai taɓa shi ba. Ya ce to, in bar sauran a hannunsa.

Yaya Salifu ya kira daga Salaga. Bai zage ni ba, ya dai ce, "Ka kyauta," ya kashe. Gwaggo Adisa kuwa ta ciro jan ƙyallen nan daga jaka ta ajiye a kan gwiwata, ta tafi alwala.

Washegari azahar ta wuce ba labari, wayar tsohon a kashe. Ina tsaye a bakin titi ina leƙen kowace mota har wuyana ya ƙage. Sai dab da la'asar Mba Ziblim ya sauko daga wata motar doya, shi da akwatin, rawaninsa duk jar ƙasa. Da kansa ya ja shi har gaban Hajiya Memuna. Ya gaishe ta, ya ce kayan doki nasa ne, bulalar ta mahaifinsa ce, kuma ko dokin bai san zafinta ba, ado ce. Aka buɗe lefe, aka ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya. (Nan na ga abin da ya yi nauyin: Gwaggo ta jera kwanonin tangaran da tukwane a ƙarƙashin atamfofi.) Mai guɗa ta kalli Hajiya tana jiran izini, Hajiya kuma ni take kallo.

Hajiya ta ce jiya ta fito zaure ta bi ni da ido har na sha kwana, ta ga lokacin da na tuɓe riga. Sai ta juya wurin Gwaggo.

"Yaro ga wawa ne paa, amma ba mugu ba ne. Gida da wawa shi na tuɓe riga domin kayan mutane, ba za su buga yarinya na ba. Wawa, mun iya zama da shi."

Aka rangaɗa guɗa. Ni kuma na tsaya ina murmushi ina godiya, an kira ni wawa a gaban garin mutane, kuma ban taɓa jin kalmar da ta yi mini daɗi kamarta ba.

An ɗaura aure bayan sallah. Rahinatu ta riƙe akwatunan lefenta har da wanda aka yi garkuwa da shi, ta ce ramukan iskan nan sun dace da albasa, dole na sake ƙera wa Mba Ziblim wani, kore. Har yau in na shiga gidansu sai ta ce a kawo wa dokin amarya ruwa, 'ya'yanta ma sun ɗauka. Ba na musu, don na san a kan wannan shaidar auren yake tsaye. Abin da na koya dai bai wuce wannan ba: in tsohuwa ta miƙo maka ƙyalle, karɓi ka ɗaura, don ya fi sirdi sauƙin ɗauka. Nawa yana nan ɗaure a ƙofar shago, ya koɗe, kuma ba mai kwance shi.