Subiyar da Na Ɓoye wa Haske

Ko da zan manta da komai na zamana a Jidda, ba zan taɓa mantawa ba da subiyar da na yi a bikin ƙanwar maigidana. A lokacin ban daɗe da tarewa ba. Ni 'yar Kano ce, shi kuma haifaffen nan ne, iyayensa Hausawa, muna zaune a unguwar Ammariyya, mu a ƙasa, mahaifiyarsa Hajiya a hawa na sama. Matar nan ba ta taɓa yi mini gori ba, amma ni na sa wa raina cewa kowa kallon baƙauya yake yi mini, tunda ban iya ko ɗaya daga cikin girke-girkensu ba.

Da aka zo rabon aikin biki, sai na ɗaga hannu na ce a bar mini subiya ta ranar da dangin ango za su zo gaisuwa. Subiya dai abin sha ne na mutanen Hijaz, da sha'ir ake yi, a jiƙa shi ya ɗan yi tsami kaɗan, a tace, a sha da sanyi. Hajiya ta tambaye ni ko na iya. Na ce sosai ma. (Sau biyu na taɓa sha a rayuwata, duka a azumi, duka kuma saye aka yi.)

Maimakon in hau bene in tambaye ta, sai na ɗauki waya na rubuta da guntun Larabcina cewa ina neman yadda ake abin sha na sha'ir a gida. Aka jero mini bidiyoyi, na zaɓi na wani Bature mai gemu saboda kicin ɗinsa ya fi na kowa tsabta. Ba Turanci yake yi ba, ban ma san yaren ba, hannunsa kawai nake bi. Ya dafa sha'ir, na dafa. Ya zuba sukari, na zuba har da ƙari. Ya barbaɗa yis, na barbaɗa. Ya juye a jarka ya toshe baki da wani ɗan bututu, ni da ba ni da bututu na ɗaura balan-balan na huda shi da allura.

Abin da ya fi nanatawa shi ne haske. Ya nuna taga ya girgiza kai, ya nuna ƙwan lantarki ya girgiza kai, ya naɗe jarkar da baƙin ƙyalle ya tura ta lungu. Wannan darasi ya zauna mini daram. Na naɗe tawa jarkar da tsohuwar abayata, na kai ta sito, na toshe 'yar tagar da kwali, na cire ƙwan fitilar gaba ɗaya. Ranar da maigidana ya shiga neman akwatin kayan aikinsa da tocilar waya, sai da na fito da shi kamar ya taka mini sallaya da takalmi. Ya tambayi abin da ke ƙugi a cikin duhun nan, na ce sirri ne, ya jira ranar biki. Kusan mako biyu ina gadin jarkar nan, ina leƙa ta da lalube, balan-balan yana kumbura ina jin daɗi.

Ranar da za a sha, mura ta toshe mini hanci. Na ɗanɗana a bakin cokali, na ji tsami da ɗan ɗaci, na ce ai haka take. Na ƙara sukari da kirfa, na zuba ƙanƙara, na jera kofuna a tire.

Dangin ango Hausawan Sudan ne mazauna unguwar Sharafiyya, mata sun cika falon Hajiya, babbarsu wata gwaggon ango, Haja Batula, tsohuwa mai carbi a hannu. Da na yi shiru na miƙa kofuna na koma gefe, da abin ya zo da sauƙi. Amma ina, sai na tsaya a tsakiyar falo na buɗe lacca. Na ce subiyar kasuwa ba ta da daɗi ne saboda a sarari ake barin ta, ita kuwa tawa ko hasken ashana ba ta gani ba, domin haske shi ke ɓata ɗanɗano. Har da ɗaga yatsa.

Haja Batula ta kai kofi hanci, ta ɗan kurɓa, ta mayar a cikin tishu. Ta dube ni ba tare da fushi ba.

"Ya binti, 'yata, wa ya koya miki wannan?"

Na ce bincike na yi.

"To wannan marisa ce. Giya kenan. Muna da maƙwabta masu yin ta a can gida, warin ba ya ɓace mini."

Kofuna suka riƙa sauka a hankali ɗaya bayan ɗaya. Wata matar da ƙishirwa ta sa ta shanye nata tas ta fara salati, tana tambaya ko alwalarta tana nan. Ni kuwa ina tsaye riƙe da tire, na rasa inda zan sa fuskata.

Hajiya ta tashi ta rufe ƙofa, ta ba baƙi haƙuri, ta ce yarinya ce kuma ba da gangan ba ne, ta sa aka kawo shayi da ruwan kurkure baki. Sannan ta kira ɗanta a waya ta ce ya zo yanzu, kada ya tsaya tambaya. Da ya ji bayani sai da ya zauna, domin a ƙasar nan jarkar giya a sitonka ba abin dariya ba ne, magana ce ta 'yan sanda da iƙama, wato takardar izinin zama, ni kuma a tasa ƙeyata zuwa Kano. Kaɗan-kaɗan ya riƙa tuttular da ita a bayi yana bi da ruwa da sabulu, ni ina yawo da kaskon turaren wuta a matakala don kada mai gadin gidan ya ji wari.

Da baƙi suka tafi na hau na durƙusa gaban Hajiya ina kuka. Ta bari na gama, sannan ta ce subiya kwana ɗaya ko biyu take yi a tace ta a sa a firji, ba a kuma sa mata yis. Ta ce halas, wato shi ke nan a Larabcinsu, ya wuce. Sai da na kai bakin ƙofa na ji ta fashe da dariyar da ta yini tana dannewa.

Matan nan sun rufa mini asiri a waje, amma a cikin dangi har yau idan aka kashe fitila sai wata ta tambaya ko na ɗora sabuwa ne. Na kuma lura ba giyar suka fi tunawa ba, laccar ce, har masu kwaikwayon ɗaga yatsan akwai. Tun daga ranar, duk abin da na girka sai in ajiye in ja bakina in yi shiru, sai an haɗiye lomar farko an kuma miƙa hannu, sannan in yarda cewa ni na yi.