Kumfa a Ƙafar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗiyata ta fari ba, ko da kuwa na so in manta, don mutanen unguwarmu a Madawa sun ɗauki alkawarin tuna mini har in tsufa.

Ni malamin lakkwal ne, wato makarantar boko, irin namu na kontara da ba a ɗauka aikin dindindin ba, masu albashin da ba ya ganin ƙarshen wata. Surukina kuwa, mahaifin matata Rabi, manomin albasa ne, yana da garka babba a fadama. Tun da na auri ɗiyarsa nake son ya yanka mini 'yan fangali, wato kwamin shuka, a gefen garkar in jarraba sa'ata, ko gidana ya huta da cin tuwo da lami. Sau biyu ina kai masa maganar. Sau biyun yana kallon tafin hannuna, ya ce, "Mushe, hannun alli na wanga. Albasa ba ta jin faransanci." (Mushe yake ce mini, wato malam da faransanci, kamar yaran ajina, kuma yadda yake jan kalmar kaɗai ya isa ya sa mutum gumi.)

Da Rabi ta haihu, lokacin ana dab da dashen albasa, sai na ce wannan ce damata ta ƙarshe a bana. In ya zo suna ya ga gida tsaf, ya ga ni ma mutum ne mai iya aiki da hannunsa, zan sake roƙonsa a karo na uku.

Muna da wani tapi, wato kafet, ja mai kauri, cikin kayan ɗakin Rabi ya zo, shi da kansa ya saya mata. Shekara biyu ana zubar masa da shayi da miya, har furannin jikinsa sun ɓace. Rabi ta ce in kai wa masu wankin mota su wanke. Na ce Allah ya kiyaye, ina da ilimi ina da waya. Na samo wani bidiyo, wata mata tana shafa wa tapinta ruwan sabulu mai ƙamshi, tana gogewa da buroshi, kumfa na tashi, datti na fita. Ina cikin kallo megata ta intanet ta ƙare. Na ce ai na gane, sauran surutu ne.

(Daga baya na kalli sauran. Minti huɗu ne cur, duka a kan ɗauraya.)

Na sayo kwalbar sabulun a kasuwa. A jikinta an rubuta murfi biyu cikin bokiti guda. Ni da nake koyar da karatu na karanta sarai, amma na ce wanda ya rubuta bai ga tapinmu ba, na juye kwalbar duka. Na ƙara da garin sabulun wanki don kada a ce na yi rowa. Na durƙusa a tsakar gida tun hantsi ina gurza, kumfa har gwiwa, ina jin kaina wani babban gwani.

Sai famfo ya ɗauke, kamar yadda ya saba. Bido ɗaya, wato jarkar ruwa, ya rage a gidan, shi ma na wankan jego ne. Rabi ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, ka ɗauraye shi kuwa?" Na ce irin wannan sabulun na zamani ne, rana ke shanye shi. Ta dube ni, ta dubi kumfar, ta ce "To," ta saki labule. Na kwashe kumfar sama da faranti, na shanya tapin a kan katanga kwana biyu. Ya bushe ƙarau, ya yi ja kamar sabo, ƙamshi har gidan maƙwabta.

Ranar suna na shimfiɗa shi a rumfar ƙofar gida, wurin manya. Aka raɗa suna da safe, aka raba goro da dabino, kowa ya zauna sai ya shafa tapin ya yaba. Surukina ma ya shafa, ya shinshina hannunsa, ya ce, "Wa ya wanke shi?" Na ce, "Ni ne, Baba, da hannuna." Na ma ɗaga hannun don ya gani. Ya gyaɗa kai. Wallahi a lokacin har na fara lissafin inda zan sayi iri.

Dangi na kusa suka zauna cin abinci har azahar. Liman ya ce tunda ga shimfiɗa mai tsabta, a yi salla a nan. Dattawa wajen goma sha biyu suka ɗauki butoci suka yi alwala.

Surukina ne ya fara hawa, ƙafafunsa sharkaf. Taku ɗaya, biyu, sai na ji wani ɗan sauti, caɓal. Ya tsaya. Ya dubi ƙasa. Wani farin abu na fitowa ta tsakanin yatsun ƙafarsa. Ya murza ƙafar don ya goge, abin ya ƙaru. Kafin in buɗe baki sauran sun hau, kowa da jiƙaƙƙun ƙafafu, kowa na murzawa. Liman, dattijo mai jiki, ya zo wucewa gaba, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas, hularsa ta yi nata wuri. Allah ya taimake ni bai ji ciwo ba, amma da aka ɗaga shi bayan farar rigarsa duk kumfa ne, ga jan rini ya bi ta.

Ba wanda ya yi dariya da farko, kuma wannan shirun ya fi dariyar ciwo. Surukina ya miƙa hannu aka ba shi buta. Ya tsiyaya ruwa a tsakiyar tapin, ya sa ƙafa ya cuɗa a hankali, kamar mai gwada ƙasa kafin shuka. Kumfa ta taso har idon sawunsa. Ya ɗago ya ce, "Mushe, kai ka wanke shi, ko shi za ya wanke mu?"

Nan rumfa ta fashe. Har mata a cikin gida na ji suna tambayar abin da ya faru, sannan na ji tasu dariyar ta biyo baya. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa idona. Aka naɗe tapin, aka kawo tabarmi, dattawa suka sake wanke ƙafa aka yi salla. Ni a sahun ƙarshe na tsaya, kuma maganar fangali na binne ta a raina.

Da surukina zai tafi ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Gobe ka ɗoro shi bisa amalanke ka iske ni garka. Tapin ɗiyata na, ba ni bari ya lalace."

Na je. Ya nuna mini wani dandali nesa da fangalin irinsa, ya miƙo mini hauya. "Ruwan sabulu in ya taɓa irin ga, ya ƙone. Ka yi mai hanya ya tahi can cikin rami." Na haƙa hanya mai tsawo, ya zo ya ce ta karkace, ruwa ba ya hawan tudu don an yi lakkwal. Na sake. Sannan ya tada injin ban ruwa, ya ba ni tiyo. Ina zuba ruwa ina tattaka tapin, kumfa na fita kamar ba za ta ƙare ba. Shi yana zaune a inuwar mangwaro yana ba da umarni: toshe nan, buɗe can, kada ka bari ya kwanta. Tun safe har la'asar. Bayana ya ƙage, tafin hannuna ya yi ƙulu-ƙulu ya fashe, amma kunyar jiya ba ta bar ni na ce na gaji ba.

Da ruwan ya fara fita garau, ya taso ya bi hanyar da na haƙa tun daga farko har rami. Ko ɗigo bai tsallaka wajen irin ba. Ya kama hannuna ya juya shi, ya daɗe yana kallo.

"Ban ruwa shi na rabin aikin albasa," ya ce. "Ga fangali goma can gefen rijiya. Jibi muna dashe, kada rana ta riga ka."

Na ce, "Na gode, Baba." Ya ce in bar godiya in ɗauke tapina daga hanya.

Bana shekarata ta uku a garkar, fangalina sun kai talatin, kuma har yau Mushe yake ce mini, sai dai ya daina jan kalmar. Liman kuwa duk lokacin da ya zo gidana, daga bakin ƙofa yake tambaya wa ya yi wankin shimfiɗa, in aka ce ni ne sai ya ce a kawo masa kujera. Abin da na koya bai da yawa: in mai bayani bai gama ba, kada ka ce ka gane, kuma in matarka ta ce "To" ta saki labule, ka tashi ka nemo ruwa.